Basil D'Oliveira: Ɗan Wasan Kurket Da Ya Gagari Gwamnatin Wariyar Launin Fata

Wasan kurket bai samu karɓuwa a ƙasar Hausa kamar ƙwallon ƙafa ko dambe ko kokawa ba. Galibin waɗanda suka san shi tsofaffin 'yan makaranta ne, irin waɗanda suka yi Kwalejin Katsina, inda marigayi Sardaunan Sakkwato, Sir Ahmadu Bello, ya buga shi yana ɗalibi, ko kuwa dattawan Jos da Bukuru waɗanda suka riski zamanin Turawan kuza, suka gan su sanye da fararen tufafi suna jifa da bugu a filayen kulob-kulob ɗinsu. Saboda haka mai karatu yana iya mamakin jin cewa a cikin shekara ta 1968 wannan wasa ya haddasa babban rikici tsakanin Ingila da Afirka ta Kudu, har Firayim Ministan Afirka ta Kudu ya miƙe gaban taron jam'iyyarsa yana kumfar baki a kan mutum guda, wanda ba shi da soja, ba shi da jam'iyya, ba abin da yake riƙe da shi sai faffaɗar sandar katako.

Sunan wannan mutum Basil D'Oliveira. An haife shi a birnin Cape Town, an hana shi buga wa ƙasarsa wasa saboda launin fatarsa, ya yi ƙaura zuwa Ingila bayan ƙuruciyarsa ta wuce, aka yi masa tayin kuɗi masu yawa domin ya janye jikinsa, ya ƙi. Abin da ya biyo bayan ƙin nan nasa shi ne ya jawo aka rufe wa Afirka ta Kudu ƙofar wasan kurket na duniya har fiye da shekara ashirin.

YADDA AKE WASAN

Kafin a shiga labarin, ya kamata a san yadda wasan yake. Ƙungiya biyu ke karawa, kowace da mutum goma sha ɗaya. A tsakiyar fili akwai wani tsiri mai tsawon yadi 22, an kafa turaku uku a kowane ƙarshensa. Mai jifa zai sheƙo a guje ya wurgo ƙwallo mai tauri, wadda aka lulluɓe da fata, nauyinta kamar giram 160, yana neman ya kā da turakun. Mai bugu kuwa yana tsaye a gabansu da sandarsa yana kāre su. In ya make ƙwallon ta yi nisa, sai shi da abokinsa su yi ta musayar wuri a guje tsakanin turakun, kowane zuwa maki ɗaya ne. In ƙwallon ta gangara har ta fita iyakar fili, maki huɗu ke nan. In ta tsallake iyakar a sama, maki shida.

Wahalar mai bugu ita ce kuskure ɗaya ya ishe shi. Da zarar ƙwallo ta kā da turakunsa, ko aka cafe ta a sama kafin ta taɓa ƙasa, to, an fitar da shi, sai ya koma ya zauna yana kallo. Gwanayen jifa kan wurgo ƙwallo da gudun da ya wuce kilomita 140 a sa'a guda, kuma a zamanin D'Oliveira ba a sa hular kwano. Mutumin da ya tsaya ya tara maki ɗari a shiga ɗaya, ya yi abin da za a rubuta a littafi. Manyan wasanni na ƙasa da ƙasa, waɗanda ake kira Tes, kwana biyar ake yi ana fafatawa, tun hantsi har yamma.

TASOWA A GINDIN DUTSE

An haifi Basil Lewis D'Oliveira ran 4 ga watan Oktoba, 1931, a unguwar Bo-Kaap, wadda ke maƙale a jikin tudun Signal Hill a Cape Town. Mahaifinsa tela ne, kuma shi ne kyaftin na wani kulob ɗin kurket mai suna St Augustine's. Zuriyarsu ta haɗa jinin Indiya da na Turawan Fotugal. Da jam'iyyar 'yan wariya ta hau mulki a 1948, ta kafa dokar 1950 wadda ta karkasa jama'a gida-gida bisa launin fata, sai aka jefa su D'Oliveira cikin rukunin 'yan ruwa biyu, watau ba su cikin Turawa, ba su cikin baƙar fata. Wannan rukuni shi ke faɗa wa mutum unguwar da zai zauna, da makarantar da zai shiga, da taragon jirgin da zai hau, da filin da zai yi wasa.

A kan titunan unguwarsu masu gangara ya koyi bugu, shi da sauran yara. Da ya bar makaranta sai ya shiga aiki a wata maɗaba'a, ran Asabar kuwa ya tafi wani fegi da ake kira Green Point, inda ƙungiyoyi barkatai na waɗanda ba Turawa ba ke cunkushewa su yi wasa a lokaci guda. Ba ciyawa a wurin. 'Yan wasa da kansu ke sammako su share tsakuwa, su yayyafa ruwa, su daddaɓe ƙasa, sa'an nan su shimfiɗa doguwar tabarma su kafe ta da ƙusoshi. A irin wannan fili ƙwallo ba ta da tabbas, tana iya tashi ta nufi fuskar mutum, tana iya sulalewa ta ƙasa. A nan D'Oliveira ya tara maki ɗari kimanin sau 80. Akwai ranar da ya ci maki 225 cikin ɗan abin da ya wuce sa'a guda.

Can gefen gari kuwa ga filin Newlands, shimfiɗe da korayen ciyayi, inda Turawa ke karɓar baƙi daga Ingila da Ostireliya. In D'Oliveira ya je kallo, sai dai ya tsaya a ɗan keɓaɓɓen wurin da aka killace wa irinsa. Kada mai karatu ya ɗauka wannan hali baƙo ne ga Nijeriya, gama a nan ma, a zamanin mulkin mallaka, ƙungiyar kurket biyu aka kafa, ta Turawa a 1932, ta 'yan ƙasa a 1933, sai a shekarun 1950 aka haɗe su. Bambancin shi ne, a lokacin da Nijeriya ke rushe wannan katanga, Afirka ta Kudu ƙara mata tsawo take yi.

D'Oliveira ya zama kyaftin na ƙungiyar ƙasa ta waɗanda ba Turawa ba. Ya jagorance ta a karawarta da Kenya a 1956, ya kuma kai ta Afirka ta Gabas a 1958. A 1959 aka shirya cewa gwanayen tsibiran West Indies, ƙarƙashin Frank Worrell, za su zo su kara da su, amma masu yaƙi da wariya suka ce zuwan nan tamkar amincewa ne da raba wasa bisa launi, aka soke tafiyar. D'Oliveira ya ga damarsa ta gwada kansa da manyan duniya ta kuɓuce, ga shi shekarunsa sun doshi talatin, lokacin da ɗan wasa ke fara tunanin ajiye sanda.

WASIƘA ZUWA INGILA

Akwai wani Bature a gidan rediyon B.B.C. mai suna John Arlott, wanda ke bayyana wasan kurket ga masu sauraro, muryarsa kuwa har Cape Town ana jin ta. Arlott ya taɓa zuwa Afirka ta Kudu ya ga wariya da idonsa, ya kuma tsane ta. D'Oliveira bai san shi ba, amma ya ɗauki alƙalami ya rubuta masa wasiƙa da koren tawada, yana roƙon a taimake shi ya samu wurin wasa a Ingila, ko da zai koyi yadda ake horar da yara ne ya komo gida. Arlott bai yar da wasiƙar ba. Ya haɗa kai da wani ɗan jarida na Manchesta mai suna John Kay, suka yi ta nema, har aka dace wani ƙaramin kulob a garin Middleton ya rasa ɗan wasan hayar da yake sa rai, watau Wes Hall na West Indies. Kulob ɗin ya ce zai biya D'Oliveira fam 450 na kakar wasa ta 1960.

Kuɗin jirgi ya zama matsala, ga matarsa Naomi da juna biyu. Sai abokai da maƙwabta suka tashi da karo-karo, aka shirya wasanni ana zagayawa da faranti, har da wasu Turawa 'yan wasa suka sa hannu. Ya sauka Landan a farkon watan Afrilu, 1960, kwana goma sha ɗaya kacal bayan 'yan sanda sun bindige mutum 69 a Sharpeville. A filin jirgi ya tsaya yana waige-waige, yana neman layin da aka keɓe wa waɗanda ba Turawa ba. A cikin jirgin ƙasa zuwa arewa kuwa, abin ya ɗaure masa kai da ya ga Bature yana kawo masa abinci, yana zaune a tsakiyar Turawa ba wanda ya kore shi.

Farkon wasansa bai yi daɗi ba. Bai saba da sanyi ba, bai saba da danshin ciyawar Ingila ba, inda ƙwallo kan yi jinkiri ta kuma karkace bayan ta bugi ƙasa. Shi kuwa ya saba da kai bugu da wuri. A shigarsa biyar na farko maki 25 kawai ya tara, har ya fara jin ya kunyata mutanen da suka tara masa kuɗi. Wani tsohon ɗan wasa na kulob ɗin ya ja shi gefe ya nuna masa cewa a wannan ƙasa sai an yi haƙuri, a bar ƙwallo ta iso kafin a make ta. Mutumin da ya yi shekara goma yana gwani a gida ya koma ɗan koyo, bai ji girman kai ba. Da kakar wasa ta ƙare, shi ne na ɗaya a jerin masu bugu na gasar lardin, ya tara maki 930, har ya sha gaban Garfield Sobers, wanda a lokacin ake ganin ba kamarsa a duniya.

RIGAR INGILA

Bayan shekara huɗu a Middleton, wani shahararren mai bugu na Ingila, Tom Graveney, ya jawo shi zuwa ƙungiyar lardin Worcestershire a 1964, shekarar da ya zama ɗan ƙasar Ingila. A nan ne ya yi wata dabara wadda daga baya ya amsa da bakinsa: ya rage shekara uku daga shekarunsa, ya ce a 1934 aka haife shi, domin ya san ba mai ɗaukar sabon ɗan wasa da ya haura talatin. A 1965 ya shiga gasar larduna, ya ci ɗari a wasansa na farko, ƙungiyarsa kuma ta ɗauki kofi a shekarar.

A watan Yuni, 1966, aka kira shi ya buga wa Ingila wasan Tes da West Indies a filin Lord's na Landan, wanda shi ne uwar filayen kurket na duniya. Shekarunsa na gaskiya 34. A wannan karo ya fuskanci masu jifa biyu da ake tsoro, Wes Hall da Charlie Griffith, ya ci maki 88 a birnin Leeds. A 1967 ya ci ɗarinsa na farko a rigar Ingila, maki 109 a kan Indiya. Talakawan Cape Town suna manne da akwatunan rediyo suna bin labarinsa.

To, a nan ne gizo ke saƙa. An riga an tsara cewa Ingila za ta ziyarci Afirka ta Kudu a ƙarshen 1968. Tun a watan Janairu, 1967, ministan harkokin cikin gida na ƙasar, Piet le Roux, ya faɗa a fili cewa ba za a bar D'Oliveira ya shigo cikin ƙungiyar Ingila ba. Shi kuwa ba abin da yake buri a duniya kamar ya taka ciyawar Newlands da sanda a hannu, mutanen unguwarsu suna kallo daga wurin da aka killace su.

SHEKARAR GWAJI

Mai zaɓen ƙungiyar da Ingila ke aikawa ƙasashen waje a wancan zamani shi ne Kulob ɗin Kurket na Marylebone, wanda aka fi sani da M.C.C., kuma da yawa daga cikin manyansa suna da tsohuwar abota da Turawan Afirka ta Kudu. A watan Maris, 1968, Firayim Minista John Vorster ya gaya wa Lord Cobham, tsohon shugaban kulob ɗin, cewa muddin aka zaɓi D'Oliveira, ba ziyara. Saƙon ya isa ga wasu ƙusoshin M.C.C., suka riƙe shi a cikinsu.

A daminar Ingila ta wannan shekara Ostireliya ce baƙuwa. A wasa na farko a Manchesta, Ingila ta sha kāshi, amma D'Oliveira ya ci maki 87 ba a fitar da shi ba, ya fi kowa a ɓangarensa. Duk da haka aka ajiye shi a wasa na biyu. A daidai wannan lokaci sakataren M.C.C., Billy Griffith, ya ba shi shawara ya fito ya ce shi Afirka ta Kudu yake so ya buga wa, ba Ingila ba, abin da kowa ya san ba zai yiwu ba. Ya ƙi. Ya koma lardinsa ransa a ɓace, wasansa ya ja baya.

Ana nan sai wani babban jami'in kamfanin taba, Tienie Oosthuizen, ya neme shi. Ya yi masa tayin aikin horar da 'yan wasa a Afirka ta Kudu a kan fam 4,000 a shekara, da gida da mota. Kuɗi ne da ɗan wasan kurket na wancan zamani ba ya mafarkin samu, balle mutumin da ya san shekarunsa sun kusa 37, ga iyali, ga ba wata sana'a da ke jiransa. Sharaɗi ɗaya ne: ya sanar cewa ba ya cikin masu neman zuwa ziyarar, kuma ya sanar kafin ranar zaɓe. D'Oliveira ya yi ta jan lokaci yana auna abin, a ƙarshe ya ce a kai kasuwa. Binciken da aka yi bayan shekaru ya nuna cewa da sanin Vorster aka ƙulla wannan tayi.

Sai ga wasa na biyar, na ƙarshe, a filin Oval na Landan. Wani mai bugu, Roger Prideaux, ya janye, aka kira D'Oliveira ya maye gurbinsa. Ran 23 ga watan Agusta, 1968, ya tsaya gaban masu jifan Ostireliya. Yana da maki 31 ƙwallo ta kuɓuce wa mai tsaron bayan turaku, Barry Jarman, wanda da ya cafe ta da labarin ya ƙare a nan. Daga nan bai sake waiwaya ba sai da ya tara maki 158, jama'a suka miƙe tsaye suna tafi. A rana ta ƙarshe aka tafka ruwa har fili ya zama tafki, 'yan kallo suka shigo da barguna da tsummoki suka taya ma'aikata tsane shi. Da aka koma wasa, lokaci yana ƙurewa, Ostireliya ta turje, sai kyaftin Colin Cowdrey ya miƙa wa D'Oliveira ƙwallo. Ya kā da turakun Jarman, ƙofa ta buɗe, Derek Underwood ya share sauran, Ingila ta ci saura 'yan mintoci a tashi.

A daren 27 ga wata masu zaɓe suka shiga ɗaki, ba su fito ba sai wajen ƙarfe biyu na dare. Kashegari aka karanta sunaye goma sha shida a rediyo. D'Oliveira yana ɗakin sauya tufafi a Worcester, bai daɗe da cin maki 128 a kan lardin Sussex ba. Babu sunansa. Ya fashe da kuka a gaban abokan wasansa. Shugaban masu zaɓe, Doug Insole, ya ce ba siyasa a ciki, wai sun auna shi ne a matsayin mai bugu kawai, suka ga akwai waɗanda suka fi shi, jifansa kuma ba zai yi tasiri a filayen Afirka ta Kudu ba.

Ingila ta ɗauki zafi. Jaridu suka yi ca, 'yan majalisa suka nemi a yi bincike, wasu mambobin M.C.C. suka ajiye katinsu, wani limamin coci wanda tsohon kyaftin ɗin Ingila ne, David Sheppard, ya jagoranci masu neman a kira taron gaggawa. Dubban wasiƙu suka yi ta zuwa gidan D'Oliveira. Shi kuwa bai zagi kowa ba, bai ce an zalunce shi ba.

Ran 16 ga watan Satumba wani mai jifa da aka zaɓa, Tom Cartwright, ya janye saboda ciwon kafaɗa. Masu zaɓen nan da suka ce jifan D'Oliveira ba shi da amfani, su ne suka sa shi a gurbin mai jifa. Kashegari da dare, a birnin Bloemfontein, Vorster ya shaida wa taron jam'iyyarsa cewa wannan ƙungiya ba ta M.C.C. ba ce, ta masu adawa da wariya ce, kuma ƙasarsa ba za ta karɓe ta ba. Ran 24 ga Satumba aka soke ziyarar.

HANNUN NIJERIYA

Kafin wannan rana, masu kāre Afirka ta Kudu a Ingila kan ce wasa daban, siyasa daban. Vorster da bakinsa ya rushe musu wannan hujja, gama duniya ta ga shugaban gwamnati yana zaɓar wa wata ƙasa 'yan wasa. Duk da haka hukumomin kurket na Ingila suka nace sai Afirka ta Kudu ta kawo musu ziyara a 1970. Matasa a ƙarƙashin Peter Hain suka ɗaura ɗamarar hana ta. Daga Afirka kuma, Majalisar Ƙoli ta Wasannin Afirka, wadda ɗan Nijeriya Abraham Ordia ke shugabanta, ta ce in aka yi ziyarar, ƙasashen Afirka ba za su je wasannin ƙasashen renon Ingila da za a yi a Edinburgh a shekarar ba. A watan Mayu, 1970, gwamnatin Ingila ta nemi a soke, aka soke. A cikin watan nan ne kuma aka kori Afirka ta Kudu daga ƙungiyar wasannin Olimfik.

Nijeriya ba ta sassauta ba. Ita ce tun a 1961, ta bakin Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa, tana cikin waɗanda suka matsa har Afirka ta Kudu ta fice daga ƙungiyar ƙasashen renon Ingila. A 1976 ta janye 'yan wasanta daga Olimfik na Montreal tare da ƙasashen Afirka fiye da ashirin, saboda New Zealand ta aika da ƙungiyar ƙwallon zari-ruga zuwa can. Ta ƙaurace wa wasannin Edmonton a 1978, ta sake ƙaurace wa na Edinburgh a 1986. Turawan Afirka ta Kudu, waɗanda wasa ke cikin jininsu, sun ji wannan horo ƙwarai. Gwaninsu Barry Richards, wanda ake sa shi cikin manyan masu bugu na ƙarnin, wasan Tes huɗu kawai ya samu bugawa a rayuwarsa. Ba a sake karɓar ƙasar a kurket na duniya ba sai a 1991, bayan an sako Nelson Mandela.

ABIN DA YA SAMU DA ABIN DA YA RASA

D'Oliveira ya ci gaba da buga wa Ingila har 1972. Ya ci maki 114 a Dhaka a 1969 a kan fili mai wuyar gaske, ya ci 117 a Melbourne a tafiyar da Ingila ta doke Ostireliya a gidanta a 1970 zuwa 1971. Jimla ya buga wasan Tes 44, ya tara maki 2,484, ya ci ɗari sau biyar, ya fitar da mutum 47 da jifa. Ya ci gaba da buga wa lardinsa har ya doshi shekara hamsin, sa'an nan ya zama mai horar da ƙungiyar, ta ɗauki kofin larduna a 1988 da 1989 a hannunsa.

Waɗannan alƙaluma na mutumin da ya fara ne a lokacin da sa'o'insa ke gamawa. Shekarunsa na ƙarfi, daga ashirin zuwa talatin, a kan tabarmar Green Point suka ƙare. Galibin abokan wasansa na wancan fegi sun tsufa a masana'antu da shagunan ɗinki, duniya ba ta san sunansu ba.

Ya dai taka ciyawar Newlands a ƙarshe, amma ba da sanda ba. A 2003, da aka buɗe gasar cin kofin duniya a filin, yana cikin tsofaffin gwanayen ƙasar da aka zagaya da su gaban jama'a. Daga 2004 aka sa wa kofin da Ingila da Afirka ta Kudu ke takara a kansa sunansa. Ya rasu a Ingila ran 19 ga watan Nuwamba, 2011, bayan doguwar jinya. Ɗansa Damian ya buga wa Worcestershire, jikansa Brett kuma ya zama kyaftin ɗinta a 2022.

Wata takwas bayan rasuwarsa, a watan Yuli, 2012, a filin Oval ɗin nan da ya ci 158, wani Musulmi ɗan asalin Indiya, Hashim Amla, ya ci maki 311 ba a fitar da shi ba, sanye da rigar Afirka ta Kudu. A watan Janairu, 2016, a Newlands, Temba Bavuma, ɗan unguwar baƙar fata ta Langa, ya zama baƙar fata na farko da ya ci wa ƙasar ɗari a wasan Tes. Duka biyun a takarar kofin D'Oliveira aka yi su. Bavuma ɗin nan ne kyaftin ranar da Afirka ta Kudu ta doke Ostireliya a Lord's, a watan Yuni, 2025, ta zama zakaran wasan Tes na duniya.

A gida Nijeriya ma wasan ya fara farfaɗowa. Samarin ƙasar 'yan ƙasa da shekara 19 sun je gasar cin kofin duniya karo na farko a 2020, a Afirka ta Kudu kuwa aka yi ta, 'yan matan kuma sun doke New Zealand a Malesiya a watan Janairu, 2025. Babu dokar launi da ke tare yaron Nijeriya a yau. Abin da ke tare shi rashin fili ne, da rashin kayan wasa, da rashin mai lura. Wanda ya bi ta Anguwan Rukuba a Jos da la'asar zai ga yara suna wasa a ɗan sararin da ya rage tsakanin duwatsu da gidaje, kamar yadda D'Oliveira ya yi a gangaren Signal Hill. Hukumomin wasanni na jihohi da shugabannin makarantu su ne ya kamata su je su dube su tun suna da sauran ƙuruciya.